Ɗigon Shuɗi a Taswirar Rum

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa bai nemi shawarar mai zane ba, Ya ajiye ruwa inda Ya ga dama, Ya hana shi inda Ya ga dama, kuma babu alƙalamin da ya isa ya ƙara masa ɗigo ɗaya. Bayan haka, ya ku matafiya, ku durƙusar da raƙumanku a inuwar wannan dutse, ku sha daga salkata, ba na karɓar komai. Abin da nake roƙo kawai ku ara mini kunnuwanku kafin ku zaɓi hanya, tun da ga ta nan ta rabu biyu a gabanku. Kai kuma madugu, na ga kwaroron fatar da ka rataya a wuya. Ba sai ka buɗe ba. Na san takardar da ke ciki fiye da tafin hannuna, domin ni na shafa mata launi.

Ka yi dariya. Ba komai, waɗanda suka riga ka zuwa ma sun yi.

Sunana Nu'umanu ɗan Sam'anu, mutumin Sardafa, wani birni da ke can ƙetaren teku. Tun kakan kakana sana'a ɗaya aka sani a gidanmu, shafa wa taswirorin daular Rum launi. Rumawan nan sun shuɗe shekara dubu da ɗoriya, amma manyan birane ba su jin ɗakin baƙinsu ya cika sai sun rataya duniyar Rumawa a bango. Wani gida ne ke sassaƙa zanen a farantin tagulla ya buga shi baƙi da fari, sai a kawo mana mu sa masa rai. Ja ga hanyoyin da suka shimfiɗa da dutse, rawaya ga iyakokin larduna, kore ga ƙasar noma, shuɗi ga ruwa. Shuɗin nan shi ne abin alfaharinmu. Daga wani dutse ake samunsa, a kwana tara ana niƙa, a dama da ƙaro, in ya hau takarda ya hau ke nan. Kuma duk wanda ke cikin sana'ar ya san kayan bango muke yi, ba na hanya ba. Ni da na shafa wa duniya launi shekara talatin, tafiyata mafi nisa ita ce kasuwar kifi.

Akwai ɓarayin zane a Sardafa, masu sayen taswirarmu ɗaya su kwafe ta su ce tasu ce. Don a kama su kakanninmu suka ƙirƙiro abin da muke kira ɗigon gida. A kowace taswira, a wani fili da ba kowa, sai mu ɗiga shuɗi kamar ƙwayar gero, alamar rijiya, alhali ko a tsofaffin littattafan Rumawa babu ta. Duk taswirar da aka gani da wannan rijiya ba daga hannunmu ta fito ba, an kama ɓarawo. Magajin gida kaɗai ake gaya wa, ranar da aka damƙa masa alƙalamin gashi, bayan ya rantse. 'Ya'ya mata ba a gaya musu, wai za su kai sirrin gidan miji. Mahaifina ya rantsar da ni, ya nuna mini wurin: Hamadar Gishiri, tsakiyar hanyar hagu, tafiyar kwana biyar daga dutsen da kuke jingine da shi yanzu.

'Ya ɗaya Allah Ya ba ni, Barira, uwarta ta rasu tana goye. A shago ta tashi, a nan ta koyi karatu da rubutu, kuma ita ke niƙa mini shuɗi tun hannunta bai gama rufe dutsen niƙa ba. Wata rana tana 'yar shekara shida, ta ɗora haɓa a kan teburina tana kallo na ɗiga ɗigon nan.

Ta ce, "Baba, wannan kuma mene ne shi kaɗai a fili?"

Na ce, "Rijiyar Rumawa ce."

"Ka taɓa zuwa?"

To, ga rantsuwa a wuyana, ga yarinya ta zuba mini ido kamar ni na gina duniyar. Da na ce mata ban sani ba da shi ke nan. Amma wane uba ne ke son ya ce wa 'yarsa iyakarsa kasuwar kifi? Na ce mata na je tun ina saurayi. Na ce bakin rijiyar farin dutse ne, igiya ta yi masa tsagi saboda daɗewa, ruwanta kuwa ya fi na randar ƙasa sanyi, akwai dabino uku a kanta. Ta ji daɗi ƙwarai. Daga ranar, in ta yi zazzaɓi ko ta yi fushi, sai ta ce, "Baba, ba ni labarin rijiya," ni kuma in ƙara mata gishiri. Na ƙara tantabaru, na ƙara wani makaho mai ba matafiya guga. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, ku bari ku ji.

Da ta girma ta auri Ukashatu, wani maƙeri mutumin kirki daga Tibrasa, a wannan gaɓar tamu ta kudu. A cikin kayan ɗakinta na sa taswira mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, har na zagaye ɗigon da ruwan zinariya don ta riƙa tunawa da ni. Na yi niyyar in gaya mata gaskiya ranar da za ta hau jirgi. Na ga tana kuka, na ce wata rana. Shekara takwas ina cewa wata rana.

Ran nan da hantsi wani masunci ya kawo mini takarda. Ya ce a bakin sanda ya karɓe ta, don jirage sun daina ɗaukar mutanen Tibrasa, wai akwai cuta a garin. Na buɗe, rubutun Barira ne. Ta ce fari ya cinye su shekara uku a jere, abinci ya ƙare, teku kuma an rufe musu. Su talatin da ɗaya za su bi tsohuwar hanyar Rumawa zuwa Dausayin Sabta, wurin dangin mijinta. Ta ce, "Mutane sun so bin hanyar dama mai kwana ashirin, amma guzurinmu ba zai kai ba. Na sauke taswirarka daga bango na nuna musu ta hagu, kwana goma kacal, ga rijiya a tsakiya. Na gaya musu mahaifina ya sha ruwanta da bakinsa. Ruwan kwana biyar za mu ɗauka, sauran wurin a kan raƙuma mu sa yara. Kada ka damu."

Ban san lokacin da na fita ba. Sai a bakin teku na lura da abin da ke kafaɗata. Mutum zai je ceton 'yarsa, ya manta da guzuri, ya manta da takalmin kirki, ya ɗauko jakar launi. Ku auna hankalina daga nan.

Matuƙin jirgin da ya ɗauke ni ya rantse ba zai kusanci Tibrasa ba. Bayan kwana huɗu ya sauke ni a wata gaɓa can yamma da ita, ya nuna mini wasu ginshiƙai da ke tsaye a kan tudu, ya ce daga nan akwai hanyar da ke yanke wa zuwa cikin ƙasa. Bai gaya mini akwai mutane a cikin ginshiƙan ba.

Ina shiga suka kewaye ni, maza masu sulken ƙarfe duk ya yi tsatsa, kowa ya aske gemu. Suka kai ni gaban shugabansu, wani dogon tsoho mai suna Lukiyanu, yana zaune a kujerar dutse yana fuskantar teku. Ashe mutanen wannan birni ba su sami labarin Rum ta faɗi ba, ko kuma sun samu sun ƙi yarda. Kowace safiya shugabansu, wanda suke kira Wakilin Ƙaisar, wato wakilin sarkin Rum, zai zauna nan yana jiran jirgin da zai kawo umarni daga Rum. Uba ya jira ya mutu, ɗa ya hau kujera, haka shekara dubu. Dokarsu kuwa, baƙon da ya shigo ba takardar Ƙaisar ba ya fita sai takardar ta zo. Suka nuna mini wani tsoho yana share dandali, suka ce shi ma matafiyi ne, ya shigo yana da baƙin gashi.

Na faɗi na ce, "Ranka ya daɗe, 'yata na kan hanyar halaka, ka bar ni in wuce."

Ya ce, "Babu mai halaka a kan hanyar Rum. Ka jira tare da mu."

Da suka zazzage jakata launuka suka zubo, sai na ga fuskar Lukiyanu ta sauya. Ya kama hannuna da kansa ya kai ni wani babban zaure. A bangon akwai taswirar daular Rum, tsawonta ya kai taku ashirin, amma launin duk ya koɗe, sai inuwar zane. Ya ce, "Tun da launin nan ya tafi Ƙaisar ya manta da mu. Ka mayar da shi, jirgi zai zo."

Na ga ƙofar tsira a nan. Na kama aiki kamar mahaukaci, na ja hanyoyi, na zagaye larduna, na cika teku, amma birnin Rum kansa, wanda ke tsakiyar bangon, na bar shi fari fat da gangan. Dabarata ke nan ta fita, kuma da yammacin kwana na biyu ta nuna, ba abin da ya rage sai in buɗe baki.

Yanzu ga wurin da ba na son faɗa, amma na yi alkawarin ba zan ƙara ɓoye komai ba. Da na ja da baya na dubi bangon, sai na ga tekun ya yi dabbare-dabbare, shafe ɗaya bai rufe ba. Su mutanen ba su gani ba, kuka ma suke yi don murna. Ni na gani. A gidan Sam'anu ba a barin shuɗi da shafe ɗaya. Na ce wa kaina ai in Wakili ya lura zai tsare ni, gara in gyara. Ƙarya nake yi wa kaina, hannun ne ya ƙi barin aiki a haka. Na ƙara kwana ɗaya cur ina yi wa tekun bango shafe na biyu. Wallahi ya yi kyau.

Washegari Lukiyanu ya ce, "Ina launin Rum? Ka tufatar da bayi ka bar uwargijiyarsu tsirara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Rum ba ta sa launin kowa. Nata daga wani gansakuka ake yinsa, wanda ke fitowa a cikin gadar ruwan da kakanninku suka gina, kuma in ba hannun mai shafawa ne ya kankaro shi ba, baƙi yake komawa."

Ya yarda, don wanda ya jira shekara dubu ba abin da ba zai yarda da shi ba. Ya haɗa ni da masu sulke shida. Gadar ruwan nan abin mamaki ce, bakuna a kan bakuna, ta taso daga bayan birnin ta miƙe kudu har ido ya gaza. A samanta akwai kwararon da ruwa ke bi a da, an rufe shi da falalen dutse, bakinsa ƙarami. Na ce su jira ni. Na kutsa, ni da ba nama a jikina. Da suka ji shiru babbansu ya biyo ni, sulke ya maƙale shi a baki, ya zame mini murfi. Ina jin suna jan ƙafafunsa yana zagina da harshen Rum, ni kuwa ina rarrafe gaba.

Wuni guda na yi ina rarrafe, gwiwoyina suka saɓule. Daga nan rufin ya ƙare, kwararon ya zama buɗaɗɗe, na miƙe tsaye na leƙa ƙasa. Ƙarƙashin gadar wani kogi ne, amma ba na ruwa ba, rairayi ne ke gudu yana kumfar ƙura, yana ɗauke da duwatsu kamar ana tafiya da kara. A taswirarmu wurin nan kore ne shar, gonakin alkama, ni na shafa shi sau ɗaruruwa.

Ban yi nisa ba na fara cin karo da ƙasusuwan mutane, kuma na lura da abu ɗaya, kowanne da tsumman farin tufafi. Na ɗaga kai, sai ga wasu tsuntsaye suna shawagi, kowanne ya kai jaki girma. Sai na gane farin suke hari. Na dubi rigata, fara. Nan na tsuguna na zazzage jan ƙasa da rawaya, na dama da ƙaro da ɗan ruwan da ya rage mini, na shafe riga da rawani da fuska har na zama launin dutsen gadar. In inuwarsu ta zo kaina sai in kwanta in ɗauke numfashi. Ɗaya ta sauka daf da kunnena, ta goga bakinta a kafaɗata tana wasa shi, ta tashi. Kwana biyu na yi haka, tafiya kaɗan, kwanciya kaɗan, ina lasar raɓar da ke taruwa a tsagin dutse. Duk launukana suka ƙare a jikina, sai shuɗi kaɗai ya rage a jaka.

Inda gadar ta karye na sauko, na ja ƙafa rabin wuni, sai ga ni a gindin wannan dutse. Rumawa ne suka kafa shi, ga rubutunsu nan. Na tarar da wata tsohuwa tana kiwon raƙuma, sunanta Tamaddu, Allah Ya jiƙanta, bara ta rasu. Ta ba ni nono na sha kafin ta tambaye ni komai.

Na ce, "Inna, ayari ya wuce nan? Mutum talatin da ɗaya, da mata da yara?"

Ta ce, "Yau kwana shida."

"Wace hanya suka bi?"

Ta nuna hagu da haɓa. Ta ce, "Na tare su. Na ce musu a nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata, babu ruwa a hanyar nan ko na wanke ido. Mazan sun fara jin maganata. Sai wata yarinya mai fara'a ta warware wata takarda mai kyau, ta nuna mini wani ɗigo da zobe na zinariya. Ta ce, 'Inna, ba na ƙaryata ki, wataƙila ba ki kai wurin ba ne. Mahaifina ya sha ruwan nan, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba.' To ni me zan ce? Ban iya karatu ba, kuma ba a gaya wa 'ya ubanta maƙaryaci ne. Na ba su salka biyu na ƙara musu." Ta dubi farcena, inda shuɗin shekara talatin ya zauna. Ta ce, "Kai ne uban."

Na ce ni ne.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tashi ta yi ta kama raƙuma huɗu, muka je rijiyarsu mai ɗaci da ke kan hanyar dama, muka cika duk salkar da ke rugarsu. Ta ce ayari mai yara kwana biyar zai yi, mu in ba mu tausaya wa dabbobi ba za mu yi uku. Ta hau gaba da tsufanta. A hanya na yi ta kiran sunan Barira a fili, har tsohuwar ta ce in adana yawuna, wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

A kwana na uku da la'asar muka hango tulin ƙasa fara a tsakiyar fili. Babu dabino, babu tantabaru, babu makaho mai guga. Na san ba su, ni na ƙirƙire su, amma wallahi sai da idona ya neme su.

Sun iso daidai wurin. Ukashatu maƙeri ne mai lissafi, ya auna daga dutse kamar yadda taswira ta nuna, bai kauce ko kaɗan ba. Da ba su ga rijiya ba suka ɗauka rairayi ne ya binne ta, suka kama haƙa. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Na auna nawa da igiya, gaba bakwai, a cikin ƙasa mai tauri kamar ƙarfe, kuma gindinsa a bushe ƙamas. Ukashatu na can ƙasa da dagi a hannunsa. Wasu sun bar wurin sun nufi gaba, sawunsu ya nuna, ba wanda ya isa Sabta a cikinsu. Sauran suna kwance a ƙarƙashin 'yan tsummokaran da suka kafa don inuwa, yara a jikin iyayensu. Muna da ruwan raƙumi huɗu, ba mu sami mutum ɗaya da za mu ɗiga wa a baki ba.

Barira na zaune a bakin ramin, ta jingina da tulin ƙasa, igiyar da ake jawo ƙasa da ita na naɗe a hannunta. Tamaddu ta taɓa wuyanta, ta ɗaga hannunta ta sake. Ta ce, "Sauran sun kwana biyu da rasuwa, wasu uku. Wannan ita ce ta ƙarshe. Jiya war haka tana da rai."

Jiya war haka. Na tuna tekun bango da shafensa na biyu. Na zauna a ƙasa, kuka ma ya ƙi zuwa.

Taswirar na kan cinyarta, ta danne ta da dutse kada iska ta ɗauke. A gefen takardar, wurin da muke bari fari, ta yi rubutu da gawayi. Na haddace shi, ga shi kamar yadda ta rubuta:

"Baba, in wannan ta same ka. Mun iso amma ba mu gan ta ba. Ina jin ni na ɓata ƙidayar zango, ka san ni da lissafi tun ina yarinya. Ukashatu ya faɗi magana a kanka shekaranjiya, na yi masa faɗa, kada ka riƙe shi, ƙishirwa ce ta yi magana. Na san tana nan kusa, da asuba ina jin sanyinta. Ka yafe mini na kai mutane ba daidai ba. In ka sake zuwa, ka sha mini."

Ni ne take roƙo gafara. Ta mutu tana ganin laifinta ne, kuma babu hanyar da zan bi in gaya mata ba nata ba ne. Wannan shi ne abin da ke cina har yau, ya fi mutuwar kanta cina.

Muka binne su, ni da tsohuwar, kwana biyu muna yi. Da muka gama na zaro wuƙa na sa a kan ɗigon nan ina kankarewa. Zinariyar ta tashi nan da nan. Shuɗin ya ƙi. Na kankara har takarda ta huje, gefen hujin yana nan shuɗi. Barira ce ta niƙa shi, kuma ba ta taɓa yin aikin ha'inci ba.

A hanyar dawowa na yi tunanin in bi duniya in tattaro taswirorin in ƙone. Sai na tuna shekara talatin ina ɗiga ɗigon nan, kafin ni mahaifina, kafin shi kakana. Ga kuma ɓarayin zane, waɗanda don su aka haƙa tarkon, sun kwafe shi tsaf sun watsa a biranen da ban san sunansu ba. Kuma duk lokacin da yunwa ko yaƙi ya taso mutane, sai wani ya tuna akwai taswira a bango. Ba zan iya bin takardu ba, amma duk wanda takardar ta ruɗa dole ta nan zai wuce. Shi ya sa na zauna. Yau shekara goma sha ɗaya, ina ɗebo ruwa mai ɗaci daga hanyar dama ina jira a gindin dutsen nan. Rantsuwar da na yi wa mahaifina na karya ta, in akwai hukunci na ɗauka.

Ayari goma sha tara sun zo da takardar nan kafin ku. Takwas sun ji maganata sun bi dama, wasunsu har sun aiko mini da dabino daga Sabta. Goma sha ɗaya sun dube ni, tsoho mai tsumma da cizgaggen gemu, suka dubi takarda mai ja da kore da hatimin gidan Sam'anu, suka zaɓi takarda. Wani malami a cikinsu har ya ce mini, "Kai wane ne da za ka ƙaryata Nu'umanu na Sardafa?" Na nuna masa farcena, ya ce rini ne. Bayan kwana goma na bi sawunsa da raƙumi, kamar yadda nake bin sawun kowa, na yi masa abin da ake yi wa mamaci. Ramin yanzu ya kai gaba ashirin da uku, don duk wanda ya isa sai ya ƙara haƙa.

To madugu, na ga har yanzu hannunka na kan kwaroron, kuma na ga kana duban buhunan guzurinku kana ƙidaya kwanaki. Na san kwana ashirin da yawa ga mai yara. Ruwan hanyar dama ɗaci ne da shi, zai ɓata muku ciki, za ku yanka raƙumi ɗaya ko biyu kafin ku isa, amma za ku isa. Ba ni da ƙarfin da zan riƙe akalar kowa, kuma ba ni da wata shaida sai wannan hujajjiyar takarda, ga ta, ku karanta gefenta da idonku.

In kun bi dama, Allah Ya kai ku lafiya, ku gaya wa duk mai irin takardar nan abin da kuka ji. In kuwa kun ƙi sai hagu, ku ɗauki salkunan nan biyu, sun fi amfani a wurinku. Za ku ga ramin tun daga nesa. Gabas da shi akwai kabari ɗaya da na jera wa fararen duwatsu, da wani ɗan ƙoƙo a kife a kansa. Ku tsiyaya mata ko cikin tafi ne, ku ce daga rijiyar ne, Babanta ya aiko.

Iyakar hikayata ke nan. Rana ta fara karkata, ga hanya nan biyu, ku ɗaura kayanku.